Shurin Bindiga

A kantin Rautio, bakin hanyar Ishpeming,
inda warin man bindiga ke cuɗanya da na kofi,
na shiga da Helmi, 'yar shekara goma sha biyu,
hannayenta sun ɓace cikin rigar sanyin yayanta.
Saura mako biyar a buɗe farauta.
Ganye ya yi ja, ya fara sakin reshe.

Tsoho Rautio bai tambayi aljihuna ba.
Ita ya duba, tun daga hula har takalmi.
Ya ce, "Miƙo hannu, lanƙwasa gwiwar."
Ya kwantar da gindin bindiga a lanƙwasar,
yatsarta ta yi ta lalube, ba ta kai kunama ba.
Ya ce, "Wannan takalmin babanki ne. Cire."

Na san wadda ke rataye a ɗakina,
talatin-sifili-shida ta mahaifina,
mai shuri kamar alfadarin da aka taɓa wa wutsiya.
Ina sha ɗaya ya ɗora min ita,
ya ce namiji ba ya tambayar zafi.
Na ja. Duniya ta yi fari fat.
Kwana tara kafaɗata na launin shuni,
ban faɗa wa kowa ba.
Tun ranar idona ya koyi rufewa
kafin yatsa ta gama aikinta.

Barewar farko, a cinya na same ta.
Muka bi jini bisa ƙanƙara har duhu,
ɗigo, ɗigo, sai bakin rafi,
tsallake kuwa babu komai.
Har yau tana ɗingishi cikin barcina.

Rautio ya sauko da biyu-huɗu-uku,
gajeren gindi, da roba mai taushi a ƙarshe.
Na ɗaga wata shafal, na ce ga ta yara.
Ya girgiza kai. "Mara nauyi ta fi mugunta.
Nauyin ƙarfe ne ke shanye duka,
in babu shi, ƙashin yarinya zai biya."
Ya ƙara da marufin kunne.
"Rabin tsoro ƙara ce, ba zafi ba."
Ya ba ni wasu 'yan faifai biyu a leda,
na ƙarin tsawo, in hannu ya miƙe baɗi.
Sai ya sunkuya ya raɗa mata wani abu.
Ta yi murmushi, ta ƙi kallona.

Asabar, a tsohon ramin tsakuwa,
na kafa farantin takarda a yadi ɗari.
Ta kwanta, kunci a katako, ido biyu buɗe.
Ɗaya. Biyu. Uku.
Huji uku, tafin hannuna ya rufe su duka.
Na ce, "Ya kafaɗa?"
Ta ce, "Kamar Mama ta taɓa ni in tashi makaranta."

Sai ta ce, "Baba, kai ma. Juya, ni zan ɗura."
Na juya ina kallon hankaki kan waya.
Na karɓa, na saita, na ja.

Ƙyas.

Babu harsashi a ciki.
Amma bakin bindiga ya riga ya duƙa ƙasa,
idona a runtse, haƙora a cije,
kafaɗata ta gudu daga dukan da bai zo ba.
Shekara talatin da huɗu, ashe tana nan tana jira.

Helmi ba ta yi dariya ba.
Ta durƙusa kusa da ni, gwiwa cikin tsakuwa,
ta gyara min marufin kunne,
ta ɗora ɗan hannunta inda shunin ya taɓa zama.
Na ga laɓɓanta suna cewa, "Sake.
Saki numfashi rabi. Ni zan ƙirga."