Ƙanƙara a Lagdo

Mota aka aiko ta ɗauke ni daga Garwa,
ni da akwatin ƙarafuna da tulun gas
da yarona Bubakari mai riƙe mini fitila.
Wai Alhaji Sali ya sayo jirgin shan iska,
kwana tara yana tafe daga Duwala a bayan tirela,
fari fat kamar haƙorin jariri,
cikinsa kuwa tanda.

Ashe don tekun Turawa aka ƙera shi.
Ya iso Lagdo, ya yi arba da ranar bazara,
firigonsa ya yi nishi biyu, ya yi shiru.

Shekara ashirin da shida ina wannan sana'a.
Na gyara na mahauta, na gyara na masu fura,
na gyara na ɗakin gawa a asibiti
cikin dare, da tocila a bakina.
Ban taɓa auna wuri irin wannan ba:
lungu a ƙarƙashin bene, babu kusurwa ko ɗaya,
bango a lanƙwashe kamar cikin ƙwarya.

Alhaji ya ƙirga da yatsunsa.
Aljihu guda na inabi, kada ya daskare.
Guda na nama, ya yi tauri kamar dutsen niƙa.
Guda na turare, wai zafi na sace masa ƙamshi.
Sai ƙanƙara 'yan dunƙule-dunƙule, garau,
a ga mutum ta cikinta.
Kuma kada inji ya yi tari in baƙi sun kwanta.

Na ce to.
Na lanƙwasa bututun jan ƙarfe a gwiwata,
na bi da shi ta gindin jirgin
don tafkin da kansa ya shanye zafin.
Na cusa soso tsakanin bango da bango,
na zaunar da kwamfuresa kan robar tsohuwar taya
har kukansa ya koma gurnanin kyanwa.

Kwana goma sha ɗaya ina rigingine.
Ta wata 'yar taga mai zagaye nake ganin gaɓa.
Kullum da hantsi Adda Kingi na tsaye can
tana jiran kwalekwalen ɗanta:
giwan ruwa, karfasa, wani lokaci ragon ruwa.
Motar ƙanƙara in ta zo, ta zo.
In ba ta zo ba, kafin azahar idon kifi ya yi fari,
na jaka goma ya dawo jaka uku,
saura a hau da shi banda,
hayaƙi ya ci idonta har magariba.

Ranar gwaji ta farko ta faɗo, ƙwal.
Alhaji ya ɗaga ta, ya leƙi rana ta ciki,
ya ce da ɗan dushi-dushi, a zubar, a sake.
Bubakari ya ɗauki bokiti zai juye wa tafki.
Na kama hannunsa.
Na nuna masa gaɓa da haɓa.

Daga ranar idona ya fi na Alhaji tsanani.
Ya ce ta yi, in ce da saura.
Ya ce ai garau take, in ce ranka ya daɗe, dubi nan.
Bokiti goma sha huɗu na kushe.
Allah Ya yafe mini, tun na uku ba ta da aibu.

Ƙarya fure take, dole na ce an gama.
Aka biya ni, har da shadda turmi guda.
Jirgin ya tashi da la'asar, ba tari, ba nishi,
igiyar ruwansa ta zo tana jijjiga kwalekwale.

Tsohon injin da ya yi shiru na roƙa, aka ba ni.
Yana shagona a Yelwa, cikinsa a buɗe.
Na gano ciwonsa, ba babba ba ne.
Na auna akwatin katako, daidai giwan ruwa uku.
Saura batir, saura faifan sola,
kuma kuɗin makarantar Fanta ya gabato.

Adda Kingi ba ta san sunana ba.
In ta tambayi Bubakari, cewa take:
yaushe Mai Sanyi zai dawo?