Malamin da Ake Tsayarwa

Shekara sha ɗaya ina zana kwalba a kan allo,
kwalba mai dogon wuya, da guntun alli,
ina cewa: a nan ruwan zai sauya launi.
Yara su rubuta: a nan ruwan zai sauya launi.
Babu wanda ya taɓa gani.
Ɗakin gwaje-gwajenmu na Darazo
zanzaro ne ya gaje shi,
ya yi gini a bakin famfon da bai taɓa ɗiga ba.

Ran wata Talata Zuwaira ta ɗaga hannu.
Ba tambaya ba ce, waya ce,
ta yayanta Gidado mai ɗinkin buhu,
fuskarta a tsattsage kamar tafki da rani.
Ta ce ta sauko da bidiyo da tsakar dare,
lokacin da data ke araha,
tana tsaye kan turmi a bayan ɗaki,
don can kaɗai sabis ke gaisawa da gidansu.

Muka taru, kai arba'in da bakwai
a kan gilashin da bai kai tafin hannuna ba.
Hannu ne kawai a ciki, babu fuska,
da murya mai sauri kamar ana korar ta.
Ɗigo. Ɗigo. Ɗigo.
Sai farin ruwa ya koma launin cikin gwaiba.
Aji ya yi tsit, sannan Manu ya ce: mayar baya!
Aka mayar. A sake! Aka sake.
Sau tara.
Mutumin bai gaji ba, bai yi tsaki ba,
bai ce ina hankalinku yake ba.
Ni kuwa a karo na uku nake fara ɗaga murya.

Ba zan ɓoye ba, abin ya tsaya mini a rai.
Na tura babur har gida, da mai a ciki.

Washegari na ce: to, me ya sa ya sauya?
Shiru.
Tabita ta danna, hannun ya sake zubawa,
bai juyo ba. Bai san Tabita ba.
Bai san Manu kan gyaɗa kai ne in bai gane ba,
bai san caji saura kashi shida ba.
Wayar ta mutu a tsakiyar kalma.

Na aiki yaro bakin ƙofa wurin Inna Dije,
ya sayo zoɓo na ɗari, marar sukari,
da kanwa, da lemun tsami uku.
Muka jera kofunan roba a kan benci.
Zuwaira ta matsa lemo, jan ya ƙara haske.
Manu ya jefa kanwa, hannunsa na rawa,
sai ga kore, duhu-duhu, kamar miyar kuka.
Ya ja da baya, ya ce: Malam, ni na yi?
Na ce kai ka yi. Saura ka faɗa mini dalili.

Yanzu mu biyu ke koyar da ajin nan,
ni da wani hannu da ban san sunansa ba.
Daren jiya ma, bayan kowa ya kwanta,
na tsayar da shi sau huɗu a kan wani lissafi
da na daɗe ina tsallakewa.
Matata ta juya, ta ce wa ke magana?
Na ce kwanta, abokin aiki ne.