Haruffa Huɗu a Tsinken Sakace

Ruwan Lesta ba ya sallama,
tun Talata yake ƙwanƙwasa tagar kicin.
Kawu Sallau na kishingiɗe, ƙafar dama bisa matashi,
babban yatsa ya kumbura, ja wur, yana sheƙi,
ko gefen bargo ba ya so ya shafe shi.
Shekara ashirin da biyu yana jan bas mai hawa biyu,
yau taka birki ya gagare shi.

Likita ta rubuto: a bar hanta, a bar ƙoda,
a rage kifin gwangwani.
Ya ce, “Ni ɗan mahauta ne daga Funtuwa,
da hanta aka yaye ni.
Me ke cikinta yau da babu jiya?”

Ni da ke wuni cikin farar riga a ɗakin gwaji
na rasa ta inda zan kamo zancen,
sai na kamo albasa.

Na niƙa ta da ɗan gishiri,
na ɗiga sabulun wanke-wanke ya farfasa ƙwayoyinta,
na tace da rariyar shayi.
Barira, ’yar shekara tara, ta riƙe min kofin gilashi,
na tsiyaya sifirit mai sanyi ta gefe, sannu-sannu.
Muka yi tsit.
Sai ga wani farin abu yana tasowa,
rabi yauƙin kuɓewa, rabi jiƙaƙƙiyar auduga.
Na naɗo shi a tsinken sakace.

Ga shi, Kawu, shi ake kira DNA.
Tsani ne da aka murɗa kamar igiyar guga.
Sandunansa biyu sukari ne da fosfet,
sukari da fosfet, suna bin juna ba gajiya.
Matakalan kuwa haruffa huɗu kacal.
A ba ta riƙe hannun kowa sai na T,
G kuma ta liƙe wa C.
Da su aka rubuta albasa, aka rubuta sa,
da wake, da kai, da tantabarar kan rufin maƙwabta.
Akwai ’yar aikensa, RNA, mai sili ɗaya,
ita ta ajiye T ta ɗauki U.

Barira ta yamutsa fuska.
“Ashe rubutu muke ci?
In na ci kifi zan zama kifi?”
A’a, ’yata, hanji ba ya karatu,
almakashi gare shi.
Harafi-harafi yake datsewa,
jiki ya tsinci na gyara, ya watsar da saura.

Sai dai A da G zobe bibbiyu suke sanye da shi,
in sun rushe sukan bar toka, yurik asid,
ƙoda ta wanke, fitsari ya tafi da ita.
In ta fi ƙarfin wanki, sai ta gangara
can ƙarshen ƙafa inda jini ya fi sanyi,
ta daskare, ta zama allurai.
Hanta kuwa kasuwa ce ranar cinta,
haruffa cunkus, ba masaka tsinke.

Kawu ya karɓi tsinken, ya ɗaga shi saitin fitila.
Ya daɗe.
“Ubana,” in ji shi, “shekara hamsin yana fiɗa,
bai san littattafai yake yankawa ba.
Shi ma yakan ɗingisa bayan Babbar Sallah,
muna cewa sammu aka yi masa.”
Ya dubi yatsan, ya yi ’yar dariya.
“Gona ta tafi ga Yaya, wuƙaƙe ga ƙanena,
ni ashe wannan ne rabona.”

Barira ta jefa zaren cikin kwalbar magani,
gobe za ta kai makaranta.
Na ɗora shinkafa, na fasa ƙwai uku,
na ɗauko hantar daga firji zan miƙa wa maƙwabta.
Ina bakin ƙofa ya kira ni:
“Ki ce musu, in sun soya,
su bar tagarsu a buɗe.”