Wa Ya Riƙe Maka Alƙalami?

A Gadarif, bayan isha, wuta ta dawo,
fanka ta yi tari sau biyu ta kama juyi.
Na buɗe saƙon masu mujalla,
gahawa ta huce a gefe, ban kurɓa ba.

Shafi huɗu na sharuɗɗa suka turo.
Wai kafin a duba ko aikina ya yi tsaba
sai na faɗi wa ya riƙe mini alƙalami:
in ƙirƙirarriyar basira ta taɓa rubutun,
a faɗi sunanta, a nuna inda ta taɓa,
amma kada a jera ta cikin marubuta,
don ranar da aka ce "zo ka kare maganarka"
ba ta da ƙafar zuwa, ba ta da idon kunya,
ba a taɓa rantsar da ita ba.

To, ni da Hausa nake mafarki,
da Larabci nake cinikin tumatir,
Turanci kuwa takalmin aro ne,
ina sawa, yana cizo, ina tafiya.
Damina uku ina tsugune a baƙar laka
ina ƙirga ƙwaron da ke tsotse man riɗi
a gindin dami, bayan an yanke,
har tsaba ta koma holoƙo mai ɗaci.
Wannan ƙirgar na'ura ba ta yi mini ba.

Abin da ta yi, ta yi:
ta yi wa Turancina wanki da guga.
Sai wani dare, don ta faranta mini,
ta haifo farfesa, da shekararsa, da shafinsa,
ta ce shi ma ya ga abin da na gani.
Kwana biyu ina cigiyarsa.
Dakta Mu'utasim ya cire tabarau yana dariya:
"Wannan malamin, uwarsa ba ta haife shi ba."

Na goge shi, gumi na bin bayana.
Da ya zarce, sunana ne a gindin ƙaryar,
ba nata ba.

Na zo cike gurabe, sai hannuna ya tsaya.
Ga gurbin na'ura, ga na mai ba da kuɗi.
Ina na Baba Awad?
Shi ya ɗaga dami da kan sandarsa
ya ce, "Da rana ba ka ganinsu, yaro,
sai magariba suke fitowa cin kasuwa."
Rabin binciken nan daga bakinsa ya faɗo,
shi da kakansa ya baro Haɗeja da niyyar Makka
ya tsaya nan noman guzuri,
har yau zuriyar ba ta gama ɗaure kaya ba.

Da safe na same shi wurin shayin Sittana.
Na juya masa sharuɗɗan da Hausa.
Ya daɗe yana kaɗa cokali.
"In maganar ta tashi ƙarya, wa za a kama?"
Na ce, "Ni."
"In ta tashi gaskiya, ƙwaron zai ragu?"
Na ce, "Muna fata."
Ya ce, "To sa ni can ƙasa, wurin godiya.
Injin ma faɗi aikinsa, kar ka ƙara masa, kar ka rage.
Ɗan ƙodago in ya yi maka shara a gona
ka biya shi, ka faɗa ko'ina,
amma ba shi ake tambaya zakka ba."

Na koma na rubuta layi biyu:
ta gyara mini harshe, na bi bayanta kalma kalma,
kowane kuskure da ya saura nawa ne.
Na sa sunan Baba Awad, har da na kakansa.
Na miƙa yatsa zan aika,
fanka ta yi tari ta tsaya.
Na zauna cikin duhu ina jiran wuta,
kuma karon farko cikin makon nan
zuciyata ba ta yi mini nauyi ba.