Abin da Warsame Ya Faɗa Mini a Sawakin

Bayan la'asar, mun gama sauke buhunan dawa,
kafaɗata na raɗaɗi kamar an zuba barkono.
Na zauna gun Inna Lantana mai gahawa,
kusa da Warsame, tsohon Basomale
da ya shekara talatin yana ciyar da jirgi gawayi
har gashin hannunsa ya daina tsirowa.

Ya ce, ɗan Takari, can bayan ruwan duniya
akwai tsibirin da kwakwa ta fi mutane yawa.
Sarkinsu ya rasu, tabarma ta zama wayam,
wa da ƙane suka kama gefe-gefe.
Da an ƙyale su, da tsofaffi sun zauna inuwa
sun yi ta tauna magana har ta yi laushi.

Sai ga jirage. Tuta uku, harshe uku.
Ɗaya ya ba wan bindiga bashi,
ɗaya ya ba ƙanen harsashi,
ya karɓi gonar kwakwa da dangwalen yatsa.
Na ukun ya ce shi rabon faɗa ya zo,
ya saita bakin igwa a kan ƙauye.

Na ce, mu a wurinmu, sai bango ya tsage
ƙadangare ke samun wurin shiga.
Ya kurɓi gahawa, ya girgiza kai:
waɗannan ƙadangarun da guduma suke yawo.

Wata rana sama ta haɗe rai.
Masunta suka ja kwale-kwalensu tudu.
Masu jirage sun ga hadarin sarai,
amma wa zai fara ɗage anga
ya bar wa ɗan'uwansa ganima?
Suka tsaya kallon-kallo
har teku ta kwashe su ta maka da dutse.

Ka san wa ya shiga ruwan da igiya a ƙugu?
Mutanen da aka ƙone wa rufi shekaranjiya.
Suka yi ta jawo farare kamar kifi,
suna matse musu ruwa daga ciki.

Ladansu?
Aka zauna a wani birni mai sanyi,
teburi, taswira, alƙalami,
babu ko mutum ɗaya mai ƙanshin man kwakwa.
Aka yanka tsibirin kamar tsire,
wanda bai samu ba aka biya shi da ƙasar wasu.

Na ce, to wa ya hau tabarmar?
Ya daɗe yana kallon gindin finjali.
Wallahi na manta, in ji shi.
Su ma masu jiragen ba su riƙe sunan ba.

Inna Lantana ta hura gawayi, ba ta tanka ba.
Ita ma a goye aka fito da ita daga yamma
shekarar da igwa ta yi magana a garinsu.

Usur ya busa, auduga na jiran kafaɗa.
Na miƙe, na ɗaga kai:
tuta biyu bisa gidan kwastan, suna kaɗawa,
na duba, na sake dubawa,
ba ta mai gari ko ɗaya.