Keken Otar

A Tbilisi, bayan gidan burodi,
Tsiala mai shekara talatin da huɗu
ta hau keke karon farko.

Tun tana 'yar bakwai take kwashe kwalaben ubanta,
tana dafa wa ƙanne wake.
Wasa bai san sunanta ba.

Tsoho Otar, fulawa har gira,
ya riƙe sirdi yana haki:
"Taka, 'yata, ina nan!"
Bai haife ta ba. Haya take a ɗakin sama.

Ya saki.
Ta kife cikin tumatirin Eteri,
gwiwa ta kurje,
sai ga kuka, tsohon kuka
da ta ajiye tun ba mai rarrashi.

Eteri ta hura ciwon,
ta danƙa mata burodi mai zafi:
"Gobe ma ki zo ki faɗi."