Ƙarfe Sha Ɗaya na Dare

Shekara ashirin da biyu ina bayan kyamara,
ido ɗaya a rufe, ɗaya a manne da gilashi.
Abin da Kano ta gani, ni na fara ganinsa.
Abin da ba ta gani ba, da shi nake kwana.

Bawa Na-Gwammaja kan zo a tsohon babur,
hula a karkace, goro a kunci.
Da jar fitila ta kama sai ya gyara murya:
"Kanawa, kada ku kwanta tukuna."
Mai shayin Ƙofar Wambai ya bar madara ta zube,
tela ya ɗaga ƙafa daga keke,
mai gadi ya juya wa ƙofa baya.

Ya taɓa sa wani attajirin Kantin Kwari kuka
da tambaya ɗaya tak a kan mahaifiyarsa.
Ya taɓa yin shiru minti guda cur
don baƙo ya ɗanɗani ƙaryar da ya shara.
Na ji gumin mutumin ta cikin gilashi.

Tanimu kuwa ɗan riƙon jaka ne.
Shi ke sayo tsire a Fagge, shi ke goge tebur,
yana tsaye a duhu kusa da kafaɗata,
leɓensa na bin na maigida.
Ran da ya tafi ko sallama babu.
Sai ga shi a tashar hanyar Zariya,
ƙarfe sha ɗaya daidai, ba ragi,
da makaɗa, da 'yan tafi, da kujera mai juyawa.

Gari ya tsage biyu kamar goro.
Miji na Bawa, mata na Tanimu, rimot ɗaya.
Bawa ya ce, "Komai tsawon wuya, kai ne a sama."
Kashegari Tanimu ya sosa ido yana murmushi,
ya ce wani ɗan haki ne ya faɗa wa wani.
Shekara tara ba wanda ya kama sunan ɗan'uwansa,
ba kuma daren da ba su ambaci juna ba.

Masu taliya suka kwashe tallarsu suka bi tafi.
Masu sabulu ma.
Muka rage da sanarwar cigiya da kukan janareta.
Daga baya yara suka sunkuya a kan waya,
suka bar dattawan biyu suna kokawa
a filin da 'yan kallo suka watse.

Da ɓarin jikin Bawa ya shanye,
bakin da ya ciyar da mu ya karkace kamar hularsa.
Wata Laraba bayan isha, a Asibitin Murtala,
na ga mota an ajiye nesa da ƙofa.
Na leƙa ɗaki:
Tanimu ne a durƙushe yana ba shi kunu a cokali,
yana goge masa haɓa da hannun riga.
Ban zo da kyamara ba.
Na gode wa Allah da ban zo da ita ba.

Kasa-kasan Bawa na nema a sito bayan bakwai.
Rabi ruwan damina ya ci,
rabi an naɗi bikin wani a kai.
Dare dubu huɗu, ko na tari ban samu ba.

Daren rasuwar dai na kunna tashar hanyar Zariya.
Ba kiɗa, ba tafi.
Tanimu ya zauna, ya yi shiru minti guda cur,
na ƙirga, don aikina ne.
Ya kai hannu zai gyara hula, ya ƙara karkata ta.

Jiya a Sabon Titi wani yaro ya ɗaga waya,
ya saita fuska, ya gyara murya:
"Kanawa, kada ku kwanta tukuna."
Na ce, "Samari, maganar wa ke nan?"
Ya ce, "Baba, ai haka ake cewa."
Na ce ya ɗan matsa hagu, haske na bayansa.